Ka Yanke Farcenka, Jitar Hawai Ba Ta Ce Sai Da Shi Ba

Ɗan yayata ne ya ja ni yin wannan rubutun. Yaron kanikanci yake koyo, tun safe hannunsa na cikin baƙin mai har la'asar sakaliya, da daddare kuma ya zo wajena ya ɗauki tsohuwar jitata yana lalube. Wata huɗu kenan muna yi kuma wallahi yana da kunne. Ran nan ya shigo jiki a sanyaye ya miƙo min waya ya ce "Kawu ka ji abin da mutumin nan ke faɗa", na duba, wani mai koyar da jita ne a YouTube yake bayani hankalinsa kwance wai duk wanda zai yi kiɗan nan na mutanen Hawai, tsibiran nan na tsakiyar tekun Fasifik, da gaske to dole ya tara farce a hannun dama, in nasa ba shi da ƙwari ya je a manna masa na roba. Yaro ya dubi hannunsa, farcen duk a gutsure ƙarƙashinsu baƙi ƙirin, ya ce "kenan ni ba zan iya ba ko Kawu?" Raina ya ɓaci sosai a daren nan, don na san maganar ba haka take ba, kuma na san irin wannan "dole" ɗin ta kori mutane da yawa daga abin da suke so.

Ga wanda bai san kiɗan ba, da Turanci slack key suke ce masa, su kuma masu abin suna kiransa ki ho'alu, wato sassauta makulli. Jita ce dai irin wadda kowa ya sani mai tsirkiya shida, sai dai ana kwance wasu tsirkiyoyin a sassauta su har ya zamana in ka shafa su gaba ɗaya ba tare da ka danna komai ba za su ba ka amo ɗaya mai daɗi. Saitin da ya fi shahara sunansa Taro Patch, gonar gwaza kenan da Hausa, don gwaza ce babban abincinsu na gado, a shi ana sauke tsirkiya ta 1 da ta 5 da ta 6 (ana ƙirgawa ne daga mafi siranta, ta 1, zuwa mafi kauri, ta 6) sai jitar ta koma D G D G B D, wato sunayen amon tsirkiyoyin daga ta 6 zuwa ta 1. Akwai kuma dangin saitin da suke kira Wahine da na Mauna Loa, wasu ma har amon C ake sauke tsirkiyar ƙasa, wato mai kaurin nan ta 6, ta yi laƙwas kamar igiyar shanya. Babban yatsa shi ke tafiya a kan tsirkiyoyi masu kauri yana zuwa yana dawowa kamar mai daka, sauran yatsu kuma su ɗauki waƙar a kan sirara, mutum ɗaya amma ka rantse biyu ne ke kiɗa.

To wa ya ƙirƙiro wannan abin? Makiyaya ne fa. A 1793 wani kyaftin ɗin jirgin ruwan Ingila, George Vancouver, ya kai wa Sarki Kamehameha na ɗaya kyautar shanu, sarki ya hana a taɓa su, suka hayayyafa suka cika daji suna ɓarna, sai wajen 1832 Kamehameha na uku ya sa aka kawo gwanayen kiwon shanu a kan doki daga ɓangaren Meziko don su koya wa mutanensa. Yadda ake ba da labarin, su ne suka zo da jita, da suka tashi tafiya wasu suka bar nasu, 'yan ƙasa suka ɗauka suka ɗaure tsirkiyar yadda ta yi wa kunnensu da waƙoƙinsu. Har yau paniolo ake kiran makiyayan Hawai, daga kalmar da ke nufin ɗan Sifen, don yaren Sifen mutanen Mezikon nan ke yi. Yanzu don Allah ka tsaya ka yi tunanin hannun mutumin da ya wuni yana jifa da igiya yana kayar da bijimi yana ɗaure shinge a kan duwatsun aman wuta. Wane farce zai tara? Da me zai goge shi ya yi masa siffa? Hannun nan da hannun ɗan yayata duk ɗaya ne.

Kuma ko da aka zo zamanin faifai abin bai bar hannun 'yan ƙwadago ba. Gabby Pahinui, wanda kowa ya yarda shi ne uban wannan kiɗa a zamanin nan, wanda faifansa na 1946 yana cikin na farko-farko da aka naɗi salon a ciki, shekaru ya yi yana aikin gyaran titi a Honolulu, ƙarshen mako kuma bayan gidansa a Waimanalo ya cika da makaɗa a yi ta yi har gari ya waye. Ray Kane aikin walda ya yi, kuma shi ne a 1987 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girmamawa ta masu riƙe da fasahar gargajiya. A gida ake koyon abin, wajen kawu ko kaka, har iyalai kan ɓoye saitinsu kada wani ya ɗauka, sai a 1973 ne ma Keola Beamer ya fitar da littafin koyarwa na farko. Da yawa cikin tsofaffin da yatsa biyu kawai suke yi, babban yatsa da manuniya, shikenan. Kiɗan da ya taso haka ba zan yarda wani ya zo ya kafa masa sharaɗin zuwa shagon gyaran farce ba.

Ni dai matsayata ita ce wanda zai koya ya fara da tsokar yatsansa tsurarta, farce a yanke, kuma in ya ga dama ya tsaya a nan har ƙarshen ransa bai rasa komai ba. Dalilina na farko a cikin amon yake. Mutanen Hawai suna da wata kalma da suke yabon wannan kiɗa da ita, nahenahe, abu mai laushi mai sanyi da ke ratsa mutum a hankali. Farce abu ne mai tauri, in ya ja tsirkiya nan take yake sakinta, sai amon ya fito da kaifi yana ƙyalli. Tsoka kuwa takan ɗan riƙe tsirkiyar ta mirgina a kanta kafin ta sake ta, sai kaifin nan ya ragu amon ya fito a dunƙule da ɗumi. Ka haɗa wannan da tsirkiyar da aka riga aka sassauta, wadda in ka fizge ta da abu mai tauri sai ta yi ta dukan ƙarafan wuyan jita tana zizara, za ka gane me ya sa nake cewa gefen babban yatsa, wajen nan mai nama kusa da gaɓa, kamar don tsirkiyar ƙasa ta Taro Patch aka halicce shi. Ka gwada da daddare in an ɗauke wuta gari ya yi tsit, ka sauke ta 6 zuwa D ka taɓa ta da naman yatsa, za ka ji amon ya taso ta cikin katakon ya shiga ƙirjinka ya daɗe bai mutu ba. Ka sake taɓawa da farce, za ka ji "tas" ɗin farko ya riga amon isowa kunnenka.

Abin da masu cewa dole sai farce ke mantawa kuma, rabin adon wannan kiɗan a hannun hagu yake. Buga yatsa a kan tsirkiya ta yi magana ba tare da an ja ta ba, fizge yatsa daga kanta, zamewa daga gaɓa zuwa gaɓa a wuyan jita, duk don a kwaikwayi yadda mawaƙansu ke karya murya su haye sama. Hannun hagu kuwa kowa da kowa a yanke farcensa yake, babu gardama a nan. Sai ɗan amon nan mai kama da ƙararrawa da ake fitarwa a gaɓa ta 12 da ta 7 da ta 5, shi ne na yarda farce na ƙara masa haske, amma da tsoka ma yana fita in ka matso da hannun dama kusa da gindin tsirkiya ka kuma ɗage yatsan hagu da wuri.

Daga ina ma dokar farcen ta fito? Daga makarantar jitar gargajiyar Turai ne, ta Sifen, inda ake zama a babban zaure mutum ɗaya da jita mai tsirkiyar nailan yana so na kujerar ƙarshe ya ji shi. A can ɗin ma ba a taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba. Fernando Sor da tsoka yake kiɗa, abokinsa Dionisio Aguado da farce, kuma tare suka yi zamani a Faris suna girmama juna. Francisco Tarrega a ƙarshen rayuwarsa yanke nasa ya yi, almajirinsa Emilio Pujol ya bi shi a haka. Sai da Segovia, shahararren makaɗin jitar Sifen mai kiɗa da farce, ya mamaye duniya ne farce ya zama kamar farilla a makarantunsu. To abin da masu shi ma suka yi saɓani a kai, don me za a ɗauko shi a ɗora wa kiɗan bayan gida na wasu mutane can tsakiyar tekun Fasifik?

Na tara farcen nan fa, ba ji na yi a bakin wani ba. Kusan wata uku na yi ina lallaɓa na manuniya da na tsakiya da na kusa da ƙarami, ina gogewa da samfefa mai laushi, ina buɗe ƙofa da hagu, ina kaffa-kaffa da zif ɗin jaka. Amon ya ƙara fitowa, wannan gaskiya ne ba zan ɓoye ba, musamman a kan tsirkiya ta 1 da ta 2. Sai hunturu ya shigo. Wata safiya ina ɗaure kaya a bayan babur roba ta kuɓuce ta tsaga na tsakiyan har cikin nama, da yamma na ɗauki jita na ji yatsa biyu na magana da ƙarfi ɗaya na raɗa, duk abin da na saba ya rikice. Farce kuma ba ya sauri, wajen milimita 3 yake yi a wata, in ya cire gaba ɗaya sai ka yi kusan wata shida kana jira. Ga tsirkiyar ƙarfe ita ma tana cinsa kamar magogi, in kana kiɗa awa biyu kullum za ka ga gefensa na lanƙwamewa. Ranar na kira mai yankan farce da ke wucewa yana kaɗa almakashinsa na ce ya sauke su duka. Sati biyu zuwa uku yatsun suka yi zafi, daga nan bakin ya yi 'yar kanta, kantar nan kuma ita ce ta dawo min da ɗan kaifin da nake so ba tare da ta ƙwace laushin ba, kuma ita ba ta karyewa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu Musulmi wanda mai bidiyon can bai san da shi ba. Yanke farce yana cikin sunnonin fiɗira, kuma hadisin Anas da ke cikin Muslim ya sa iyakar kwana 40. Na san wani zai ce kai da kake kiɗa kake kawo hadisi, na ji, wannan zance ne da malamai suka daɗe suna yi kuma ni ba mai fatawa ba ne, amma mutum ba ya yar da sunnar da ke hannunsa don ana gardama a kan wani abin daban. In za a yi adalci, ɗan farcen da makaɗi ke buƙata bai wuce milimita ɗaya ko biyu a saman tsoka ba, kuma kullum cikin rage shi ake, wanda ya ga zai iya riƙe shi da tsafta ruwansa. Amma da hannun daman nan muke cin tuwo, da shi muke gaisawa da manya. Farcen roba kuwa da ake mannawa da gam, shi kam ban ga hanyarsa ba sam, ruwan alwala ba zai taɓa farcenka na gaskiya ba, sau biyar a rana. Ko ka ajiye addini gefe, duk bayan sati biyu ko uku sai ka koma an cike gindinsa, na ƙasan yana sirancewa saboda gogewa, in ruwa ya maƙale a tsakani ya zama ciwo. Wasu makaɗan har ƙwallon tebur suke yankawa su manna da sufa gulu. Duk wannan wahala don a kaɗa kiɗan da sunansa ma sassautawa.

Saura maganar fik, wato ɗan abin roba ko ƙarfe da ake jan tsirkiya da shi. Shi faffaɗan nan da ake riƙewa tsakanin yatsa biyu a bar shi ma kawai, don in ka riƙe shi ka kashe manuniya ka kuma hana babban yatsa zirga-zirgarsa, kiɗan ya tashi daga ki ho'alu. Wanda ake magana shi ne mai kama da zobe da ake zura wa babban yatsa, da ƙananan da ake sa wa bakin sauran yatsu. A nan kam ina sassautawa, don Ledward Kaapana, mutumin Kalapana da ya koya wajen kawunsa Fred Punahoa, da fik a babban yatsa da manuniya yake kiɗa, kuma duk wanda ya ji yadda yatsun bawan Allan nan ke gudu ba zai buɗe baki ya ce fik ya ɓata kiɗa ba, shi ma a 2011 an ba shi irin lambar da aka ba Ray Kane. In jitarka mai tsirkiya 12 ce, ko kana cikin taron makaɗa ga ukulele, 'yar ƙaramar jitarsu mai tsirkiya huɗu, ga babbar bes ga masu waƙa, tsoka kaɗai za ta nutse, dole ka nemi abin da zai ɗaga ka. Fik kuma yana da wani kirki da farce ba shi da shi, in ka gama ka zare ka jefa aljihu ka koma bakin aikinka da hannunka yadda yake.

Amma ko shi ban so mai koyo ya fara da shi. Na ga yadda yake yi wa sabon hannu, zoben na sa babban yatsa ya yi ƙarfi fiye da kima, tsirkiyoyin ƙasa su danne waƙar, sai yaro ya ga ai dole ya sa wa sauran yatsun ma na ƙarfe don su kamo, daga nan sai ƙarar "ƙyas ƙyas" ta cika kiɗan, kuma mafi muni ba ya jin tsirkiyar a jikinsa. Wanda ya fara da tsoka yatsansa ne ke gaya masa inda tsirkiya take ko ido a rufe, ya san yadda zai taɓa ta ta yi raɗa, ya san yadda zai dafa ta ta yi shiru in lokacin shirunta ya yi. In wannan ya zauna a hannu, sa fik daga baya aikin 'yan makonni ne. In kuwa aka faro ta can, ranar da fik ya ɓace ko ya karye sai ka ga mutum ya zauna da jita a cinya ya kasa komai, na gani da idona a wajen wani biki.

Masu cewa tsoka ba ta da ƙara, eh ba ta kai farce ba, ban musa ba. Sai dai tambayata wa kake so ya ji ka? Kiɗan nan a baranda aka haife shi, mutum biyar ko goma a zaune kusa da juna. In kuma dandali ne, yau akwai makirfo akwai amfilifaya, ɗan murɗa maɓalli kaɗan ya ba ka abin da farcen wata uku zai ba ka, laushin kuma yana nan. Ni abin da ya fara jawo ni ga Gabby ma ta hanyar Ry Cooder ne, Ba'amurken da ya yi faifai da Ali Farka Toure na Mali a 1994, ina bin ayyukansa na baya sai na tarar tun shekarun 1970 ya je Hawai ya zauna ya yi kiɗa da Gabby. Da na saurara abin da ya kama ni shi ne natsuwar, babu gaggawa babu nuna isa, kamar dattijo na ba da labari bayan sallar isha. Ƙara ba ta cikin abin da na je nema.

Abin da ke ƙona min rai a ƙarshe shi ne yadda ake mayar da komai sayayya. Yaro na son kiɗa, maimakon a ce masa zauna ka saurara ka maimaita, sai a jero masa kaya, magogin gilashi, man ƙarfafa farce, gam, fik kala biyar, wasu ma sai an yi odarsu daga waje da dala. Wanda ba shi da kuɗi ko sana'arsa ba ta barin farce, bakanike, birkila, manomi, mai wanki, ma'aikaciyar jinya da dokar aikinta ta ce farce a yanke, sai ya ɗauka an rufe ƙofa da shi a waje. Alhali irinsu ne suka gina ɗakin tun farko.

Daren nan dai na karɓi wayar na kife ta a kan tabarma, na ce wa ɗan yayata je ka wanke hannu da omo ka dawo. Ya dawo, na sauke masa tsirkiyoyi ukun nan, na kama babban yatsansa na kwantar da gefensa a kan ta 6 na ce daga nan zuwa ta 4, je ka dawo, kar ka taɓa komai bayan su sai na ce. Ya yi kusan minti ashirin a haka yana ɓata fuska. Hannunsa da spana ta riga ta yi wa kanta ya fi nawa fitar da amo, tsirkiyar ƙasan nan tana gurnani a hankali har yayata ta leƙo daga tsakar gida ta tsaya a bakin ƙofa. Jiya ya fara ɗora manuniya a kan ta 1, kuma ranar Juma'a tare muka yanke farce kafin mu tafi masallaci.